Wace Godiya Ta Kamaci Wanda Ya Koya Maka Sauka Lafiya?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, har na ga ya kamata in shimfiɗa ta a wannan fili, ko a dace da wanda zai taya ni warware ta. Tambayar kuwa ita ce: wace irin godiya ce ta kamaci mutumin da kyautar da ya yi maka ba ta ganuwa, ba ta aunuwa, domin ita kyautar wani mugun abu ne da ya hana ya same ka? Kada mai karatu ya zaci kacici-kacici nake yi. Bari in fara da asalin maganar, sa'an nan mu shiga muhawara.

Asalin Magana

Ina ɗan shekara goma sha uku mahaifina ya damƙa ni a hannun wani dattijo maƙwabcinmu wanda sana'arsa aikin itatuwa ce. Ba zan ambaci sunansa ba, don na san ba zai so ba. Baba muke ce masa, Baba zan ce masa a nan. Shi ake kira in reshen darbejiya ya rufa kan soro, ko in kuka ta yi ganye ana so a sassabo, ko in giginya ta isa azara, ko kuwa in iskar farkon damina ta karya mangwaro ya maƙale a kan katanga. Shekara shida na yi ina bin sa. Da kuɗin wannan aiki na sayi littattafan sakandare, da shi kuma na biya rajistar shekarata ta farko a jami'a.

Wata uku na farko bai bar ni na ɗaga ƙafa daga ƙasa ba. Aikina shi ne riƙe igiya, da wasa gatari, da janye rassa, da kallo. Na ƙosa ƙwarai, don a ganina na riga na iya. Wane yaro ne a ƙauye bai iya hawan mangwaro ba? Ranar da na yi ƙorafi sai ya dube ni ya ce, "Yaro, hawa ai ko akuya in ta hango ganye tana taɓawa. Abin da ubanka ya kawo ka ka koya sauka ne."

Kafin a hau kowane itace, sai ya zagaya shi tukuna. Ya dubi gindinsa ko gara ta yi gini, ya bubbuga shi da bayan gatari ya saurara, domin itacen da ya yi kogo amonsa dabam ne, kamar na ganga. Ya ɗaga kai ya nemi busasshen reshen da ya karye ya maƙale a sama, wanda ɗan girgiza zai sako shi a kan mutum. Ya nemi gidan rina da zirga-zirgar ƙudan zuma. Ya dubi wayar lantarki, domin ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta. Ya koya mini halin kowane itace kamar yadda ake koya wa baƙo halin mutanen gari. Tsamiya tana da jijiya, siririn reshenta yakan ɗauki mutum. Rimi kuwa duk girmansa da kwarjininsa namansa ba ƙwari, kaurin reshensa ba abin dogara ba ne. Kuka jikinta santsi ne, turakun da aka kafa mata bara ba a taka su bana sai an gwada ɗaya bayan ɗaya. Gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya yi tofo da rani, ƙayarsa takan sa mai hawa ya saki hannu ba shiri.

Dokokinsa na sama ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba a hawa da gatari a hannu. Sai an zauna daram an ɗaure jiki da uwar itacen, sa'an nan a jawo gatarin da igiya. Cikin hannuwa biyu da ƙafafu biyu, uku su riƙe, ɗaya ya motsa. Ba a hawa bayan ruwa, ko cikin iska, ko da almuru, ko da yunwa, ko da fushi. Ba a hawa in ba wani a ƙasa. In za a datse reshe mai nauyi, a fara sara ta ƙasa, sa'an nan a koma ta sama ɗan gaba kaɗan, don kada ya tsage ya ɗaye ɓawo ya yi lilo ya doki mai sara. In za a kayar da itace gaba ɗaya, a dubi inda ya karkata da inda iska take, a yi masa baki ta gefen da ake so ya faɗi, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, a koma baya a sara ɗan sama da na farko, a bar ɗan tsakani wanda zai riƙe shi ya bi da shi. A share hanyar gudu tun ba a ɗaga gatari ba, kuma ba a ja da baya sak, a karkace ake ja, domin gindin yakan yi harbi kamar jaki. Kowa kuma ya matsa nisan tsawon itacen sau biyu.

Wata rana, ina da shekara goma sha biyar, Baba ya tafi salla, ni kuwa na ga ɗan reshe ɗaya ne ya rage a wata darbejiya. Na saɓa gatari na hau. Da ya dawo ya gan ni, bai ɗaga murya ba. Cikin sanyi ya ce, "Yaro, jefo gatarin can gefe, ka sauko, ina da magana." Sai da ƙafafuna biyu suka taɓa ƙasa sa'an nan ya zabga mini mari, ya kore ni gida wata guda cur, ba aiki ba ko sisi. Na daɗe ina jin haushin marin nan. Sai da na girma na lura da abin da ya zo kafin marin, watau yadda ya haɗiye fushinsa muddin ina sama, don ya san tsawa tana iya firgita ni in saki hannu.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na je duba wani tsarana, wanda muka yi makarantar allo tare. Shi ma ya shiga aikin itace, amma shi kaɗai ya koya wa kansa. Turke ya zare masa a jikin kuka, ya faɗo ta baya, lakarsa ta taɓu. Shekara huɗu ke nan yana kwance, sai an juya shi. Ya fi ni ƙarfi, ya fi ni zafin nama. Da na fito daga ɗakinsa na dubi ƙafafuna, sai na ji kunya ta kama ni, domin tun da na shigo jami'a ban taɓa zuwa musamman na ce wa Baba na gode ba. Kai, har ɓoye wa abokai nake yi cewa da gatari na biya kuɗin makaranta.

Kyautar Da Ba A Gani

To, mu dawo kan tambayarmu. Matsala ta farko ita ce godiyarmu ido take bi. In yaro ya faɗa rijiya wani ya tsamo shi, gari zai ɗauka, a yi ta sa masa albarka har ya mutu. Amma wanda ya bi dare ya rufe bakin rijiyar, ba wanda zai je gidansa godiya, domin ba wanda ya faɗa. Alhali kuwa aikin na biyun ya fi, tun da yaron ko tsoro bai ji ba. A garinmu kowa ya san gidan maɗori, har daga nesa ake zuwa, ana ba da labarin karayar da ya ɗora. Ba mai ba da labarin karayar da Baba ya hana, don ba ta da rana, ba ta da shaida. Muna cewa rigakafi ya fi magani, amma mai magani muke kai wa tukwici.

Dubi misalin cutar agana. A shekarar 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga doron ƙasa. Kakanninmu sun san ta, sun binne 'ya'ya saboda ita, waɗansu ta bar musu zane a fuska, waɗansu ta makantar da su. Mu da aka haifa bayan nan, wa ya taɓa tashi da safe ya gode wa masu lambar da suka bi ƙauye-ƙauye? Ba mu ma san muna ɗauke da bashinsu ba.

Faɗuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Ita wannan hukuma ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa iri-iri, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. 'Yan'uwanmu na sashen kimiyya za su tabbatar mana cewa wanda ya faɗo daga tsawon mita 10 ba ya cika daƙiƙa ɗaya da rabi a iska, kuma yana isa ƙasa da gudun kilomita 50 a awa. Cikin wannan ɗan lokaci ba dabara, ba ƙarfi, ba gwaninta. Duk abin da zai cece shi sai dai ya kasance an riga an yi shi tun yana ƙasa.

Wani zai ce, "Ai ƙaddara ce. Wa ya gaya maka da ba don Baba ba da ka faɗo? Ga waɗanda ba su koya wurin kowa ba suna nan garau, ga gwanaye kuma sun faɗo." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ba zan iya nuna wata rana in ce ran nan ce Baba ya cece ni ba. Amma rashin sanin ranar ba ya soke alherin. Na san sau nawa na gwada reshe na ji ya amsa da amon ruɓa na canza hanya, na kuma san wanda ya sa mini wannan ɗabi'a a jiki. Wanda ya ba ka guzuri ka yi tafiya, ba ka cewa sai ka tabbatar da yunwa za ta kashe ka kafin ka gode masa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa godiya kashi uku: sani, da halin zuciya, da aiki. Da can ina mamakin yadda ya sa sani a gaba, don a zatona godiya abin zuciya ce kawai. Yanzu na gane. Irin wannan kyauta sai an yi aikin tunani kafin a gan ta. Sai mutum ya zauna ya kwatanta rayuwar da bai yi ba, ya ga kansa a kan waccan tabarma. Saboda haka butulcin da yawancinmu ke yi wa irin su Baba ba daga muguwar zuciya yake fitowa ba, daga ragwancin tunani ne. Wannan kuwa abin kunya ne musamman ga ɗan jami'a, wanda tunani ne sana'arsa.

Ba Ya Ci Guminka Ba?

Matsala ta biyu wani abokina mai karatun tattalin arziki ne ya jefo mini ita a ɗakin kwana. Ya ce, "Malam, kana ba ni mamaki. Shekara shida kana yi wa tsohon nan aiki, shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ya ba ka sani, ka ba shi gumi. Ciniki ne, an gama, ba bashi." Na kwana biyu ina juya maganar, don ba ta banza ba ce. Gaskiya ne Baba ya amfana da ni. Gaskiya ne kuma akwai iyayen gida da ke tatsar yaran sana'a da sunan koyarwa.

Amma akwai ma'aunin da za a gane ciniki daga alheri. A dubi wurin da amfanin maigida da lafiyar yaro suka raba hanya, a ga wacce ya bi. Mai neman riba kaɗai tun ranar farko zai tura ni sama, domin yaro ba shi da nauyi, yana kai wa siraran rassan da babba ba ya kai wa. Baba ya ajiye ni wata uku a ƙasa yana hawa da kansa, ga shi da furfura. Watan da ya kore ni, lokacin ne aiki ya fi yawa, gab da faɗuwar damina, kowa na son a rage masa rassa. Ya yi asarar hannu ɗaya a ganiyar kasuwa don darasi ya zauna mini. Sau da yawa mun juyo daga gindin itace ba mu sami ko kwabo ba, don iska ta taso. Gumina ya biya kuɗin koyon sara. Wannan asara da ya riƙa ɗauka saboda ni kuwa ba ta cikin lissafin, kuma ita ce nake magana a kanta.

Masana tun tuni sun lura da wannan. Aristotal na ƙasar Girka yana ganin akwai waɗanda ba a iya biyan su daidai da abin da suka bayar, ya sa iyaye da malaman hikima a cikinsu, ya ce abin da ake nema ga mutum shi ne ya yi iyakar abin da zai iya. Kant na Jamus kuwa, a 1797, ya nuna cewa ko ka rama alheri ninki-ninki, wanda ya fara yana nan da fifikon farawa, ba ka iya ƙwace masa shi. In na ba Baba kuɗi yau, da hannun da ya tsare mini na nemo su.

Sai dai a nan akwai rami, ya kamata mu kauce masa. In bashi ba ya biyuwa, ashe wanda ake bi ya zama bawa ke nan? Mun san mutanen da ke mayar da alheri igiya. Kowace safiya sai sun yi gori, kowace shawara sai sun ce, "Ka manta wanda ya yi ka?" Har a makarantu akan sami malamin da ke ganin ɗalibin da ya koyar ba shi da ikon saɓa masa har abada. Ni ma an jarraba ni ta wannan fuska. Baba bai so tafiyata jami'a ba. Ba shi da ɗa namiji da ya bi sana'ar, ni yake sa ran in gaje shi. Na tafi duk da haka, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Na yi butulci ke nan?

A ganina ban yi ba. Abin da ya ba ni lafiyar gaɓoɓi ce da tsawon kwana irin wanda sababi ke kawowa. Wanda ya ba ka doki bai ce sai gidansa kaɗai za ka riƙa zuwa da shi ba. In ya faɗi haka, aro ya ba ka. Godiya tana wajabta mini in girmama shi, in kula da shi, in saurari shawararsa da kunnen basira. Ba ta mallaka masa ragamar rayuwata ba. Inda na yi laifi shi ne abin da ya biyo baya: ɗauke ƙafa, da jin kunyar a san ni yaronsa ne. Tafiyar ba ta zama butulci ba, ɓoyewar ce ta zama.

In Malamin Ya Yi Kuskure Fa?

Matsala ta uku ta fi shafar mu 'yan makaranta. Ba duk abin da Baba ya koya mini ne daidai ba. Shi in zai datse reshe, shafe shi yake yi daidai da jikin uwar, sumul, sa'an nan ya shafa baƙin mai a wurin, wai don kada ruwa ya shiga. Daga baya na karanta binciken Alex Shigo, wani masanin cututtukan itatuwa na hukumar gandun dajin Amurka, wanda ya rasu a 2006. Ya nuna cewa ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, inda ya haɗu da uwa, nan ne itace ke gina katangar da yake tsare kansa daga ruɓa. Wanda ya shafe shi ya buɗe wa ruɓa ƙofa, shafe-shafen kuma ba ya hana ta. Ka ga ke nan yankan da Baba ke alfahari da shi yana haifar da kogon da zai ci amanar mai hawa bayan shekaru. Haka nan igiyar da muke ɗaurawa a ƙugu: ta fi babu nesa ba kusa ba, amma in mutum ya faɗo ta fizge shi tana iya yi wa ciki da haƙarƙari lahani. Ɗamarar zamani, wadda ke riƙe ƙugu da cinyoyi tare, ta fi ta.

Shin godiya ta rufe mini baki? Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Karin maganar gaskiya ce a inda ake maganar gogewa da sanin halin duniya. Amma in aka mayar da ita garkuwar kare kuskure, an zalunce ta. Jigon abin da Baba ya koya mini shi ne kada in yarda da reshe don kaurinsa ko don jiya ya ɗauke ni, sai na gwada shi yau. In na ɗauki wannan doka na gwada maganarsa da ita, koyarwarsa nake bi. Ɗalibin da ya haddace kuskuren malaminsa ya miƙa wa na baya, ya mayar da malamin sanadin cutar da shi malamin ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ita.

Abin da godiya ke hukuntawa a nan shi ne yadda za a faɗa. Na same shi shi kaɗai, bayan la'asar, na kawo maganar kamar mai neman fatawa. Ya yi shiru, can ya ce, "Shi Baturen naka itace nawa ya hau?" Na ce, "Baba, hawa ban sani ba, amma dubbai ya tsaga da zarto ya duba cikinsu." Bai ce komai ba. Bayan kwana biyu na ga ya tsaya gindin wata darbejiya da ya yi wa aski shekarun baya, yana cusa yatsa cikin ruɓaɓɓen gurbin. Daga ran nan na lura yana barin kumburin. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban taɓa nema ba.

Marin fa? Ban yarda da shi ba, kuma ba zan mari yaron da zan koyar ba, domin korar wata guda ita kaɗai ta isa darasi. Mutum yana iya gode wa niyya da amfani, ya kuma ƙi hanya. Godiyar da ba ta iya ganin aibin wanda ake yi wa ita ta fi kusa da bambaɗanci.

Yadda Za A Biya

Saura kashi na uku na Gazali, watau aiki. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, irin su gaskiya, da amana, da karamci, da haƙuri, da kunya, da ladabi. Na duba ban ga godiya a jerin da sunanta ba, alhali kuwa ba zagin da ya fi "butulu" ciwo a wurinmu. Nawa fahimtar ita ce, godiya irin wadda muke magana a kanta tana cikin amana. Sanin da ke tsare rai ajiya ce aka ba ka. Baba ma wani ne ya ba shi, wanda shi kuma wataƙila da karayar wani ya saye shi, domin kowace doka cikin dokokin nan akwai wanda ya faɗo kafin a kafa ta.

Saboda haka biyan farko shi ne in kiyaye dokar ko ba mai kallo. Duk ranar da na hau ba igiya don ina sauri, na zubar da wata ukun da ya yi yana hawa a madadina. Na biyu, in kula da shi kansa, yanzu da idonsa ya yi rauni, hannu ya daina riƙe ƙota. Masu irin wannan sana'a ba su da fansho. Na uku, in faɗi matsayinsa a gaban mutane, abin da nake yi ke nan a wannan takarda. Na huɗu, wanda ya fi nauyi, in miƙa wa wani.

Bukatar miƙawar ta fi tsanani a yau. Zarton inji ya cika ƙauye da birni. Saurayi yakan yi hayarsa da safe, da hantsi ya zama mai yankan itace, ba wanda ya ajiye shi wata uku a ƙasa. Gatari yana da jinkiri, jinkirin nan kuwa yana ba mutum damar jin ƙarar itace ya sake shawara. Inji cikin 'yan mintoci yake gama abin da gatari ke wuni a kai, kuma in saman bakinsa ya taɓi wani abu yakan yi tsalle ya komo kan mai riƙe da shi. Kayan aiki sun ƙara ƙarfi, masu sanin tsofaffin dokoki kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Kada kuma a raina abin da koyarwar baki da baki ke iya yi. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya riƙa nuna wa manoma yadda za su zaɓi tofon kututture su rage shi su rene shi ya koma itace. Manomi ya koya wa manomi, har aka ƙiyasta gonakin da suka sake yin itatuwa a Nijar sun kai hekta miliyan 5. An ba shi lambar yabo ta duniya a 2018, ya kuwa cancanta. Amma dubban da suka tsaya a bakin gona suka nuna wa maƙwabci yadda ake yi, ba wanda ya rubuta sunansu, kuma da ba su miƙa ba da abin ya tsaya a gonaki kaɗan.

Kammalawa

Kafin in dawo makaranta na je na durƙusa gaban Baba. Na ce, "Baba, godiya na zo yi." Ya ce, "Ta me?" Na ce, "Shekara shida ina hawa, ban taɓa faɗowa ba." Ya yi dariya ya ce, "Yanzu ka daina hawa ne?" Na ce ina taɓawa in an yi hutu. Ya ce, "To, ajiye godiyar nan tukuna, kada ta zame maka alfahari. Itace bai san gwani ba." Sa'an nan ya kira wani jikansa ɗan shekara goma sha biyu, wanda aka ce kullum yana kan mangwaron mutane, ya ce in hutu ya zo in riƙa tafiya da shi. Na karɓa. Na kuma gaya wa yaron tun yanzu cewa hutun farko duk a ƙasa zai yi shi, ya ɓata rai kamar yadda na ɓata.

'Yan'uwana ɗalibai, kowannenmu in ya zo rubuta kundin kammala karatu yakan ware shafi guda na godiya, ya jera malamai da iyaye da abokai, kuma hakan daidai ne. Roƙona shi ne, kafin mu rufe shafin, mu ɗan yi tunanin abin da bai same mu ba, mu nemi wanda ya tsaya a tsakani. Wataƙila direba ne da ya koya maka kada ka sha gaban mota a kan kwana, ko masunci da ya nuna maka inda kogi ke juyi, ko tsohuwar da ta hana ka zura hannu a rami. Malamanmu kuma, ina roƙon ku yi mini gyara inda na kauce, musamman a kan iyakar da na sa tsakanin godiya da biyayya, domin nan ne na fi jin ƙafata ba ta zauna sosai ba. Filin nan a buɗe yake ga mai raddi.

Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ba ɗan'uwanmu da ke kwance sauƙi.